Lalitar Inna

Dauran,
ranar Talata.

Zuwa ga Yayana Sha'aibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya a can Fatakwal, kai da Fauziyya da yara. Allah ya tsare ka a wajen nemanka, ya ƙara rufa asiri. Mu nan da sauran numfashi, alhamdu lillahi. Maigidana Mahmud yana lafiya, gero ya yi kyau bana, sai dai gonar nesa ba mai taka ta. Tun da aka yanke layin waya ba mu ji muryarka ba, shi ya sa na koma ga biro. Idi direba zai kai takardar nan garin Kaura ya ba masu motar kudu.

Yaya, maganar Inna ce ta sa ni rubutu, amma bari in faro daga tushe. Ka tuna Kyauta ƙawata, wadda ke aure a wani ƙauye ta wajen Zurmi? 'Yan bindiga sun shiga musu ana tsakar rana, ta fita da goyo da zanen jikinta kawai. Kwana uku ta yi a daji, ko ƙwayar hatsi ba ta sa a baki ba, ta iso nan jaririn ya riga ya cika a bayanta. Da na ga haka na ce gemun ɗan'uwa ya kama wuta. Na yayyaga tsohuwar atamfa na ɗinka wa kowa lalita, doguwa siririya, wadda ake ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin tufa, don mai ƙunshi a ka shi ake fara tarewa. Kai da kake cewa ɗinkina kamar tafiyar kura, yau ga ranarsa. Na zuba dakakken ƙuliƙuli da dabino da garin kwaki, ashana a leda, maganin zazzaɓi, gishiri da sukari saboda gudawa. A ta yara na sa takarda mai sunansu da na ubansu da lambarka. Da ita muke wuni, da ita muke salla. Nusaiba 'yata har kuka take wai tana mata ƙaiƙayi.

Ta Inna na fi cikawa, na kai mata da hannuna. Ta karɓa ta sa mini albarka, na ɗauka magana ta ƙare. Ranar Alhamis da hantsi aka yi ihu ga babura nan, gari ya watse. Na ja yara muka faɗa cikin dawa, ina zaton Inna ta bi matan gidansu. Ashe 'yan kasuwa ne masu zuwa Shinkafi. Da na dawo na tarar da ita zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, ko takalmi ba ta nema ba. Na yi mata faɗa, Allah ya yafe mini, har na ɗaga murya. Ta bar ni na gama, sannan ta kama hannuna ta ɗora a ƙugunta. Ba lalitata na taɓa ba, farin alawayyon nan ne da ta daɗe tana ajiya a ƙasan akwati, likkafaninta, ta naɗe shi a jiki. Abincin kuwa tuni ta juye shi a lalitar Nusaiba.

Ta ce gwiwoyinta ba na gudu ba ne, kuma ba za ta yarda wani ya tsaya ɗaukarta a cim masa ba. Wai kowa da guzurin tafiyarsa, nata ke nan, duk wanda ya tsince ta ba sai ya sha wahalar neman yadi ba. Ta sa ni alkawarin in an sake ihu kada in waiwayo. Yaya, ban yi ba, kuma ba zan iya ba. Tun ranar abinci ba ya shiga mini.

Kawu Halilu ya ce akwai ɗaki a gidansa na Kaura, mun yi mata magana ta ƙi, wai ba ta barin garin da aka binne Baba. Kai ne babba, kai kaɗai take jin nauyi. Don Allah ka nemi izini wurin aiki ka zo ka ɗauke ta, ko da kwana biyu za ka yi.

Ka gaishe da Fauziyya da Mubashir da Maimunatu. Mahmud da yara suna gaishe ka. Inna ta san ina rubuta maka. Ta ce kada ka wahalar da kanka a hanya, in gaya maka ta yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mata. Na rubuta ne kawai don ta sa ni. Ka zo ka ji daga bakinta.

Ƙanwarka mai jiran zuwanka,
Mardiyya