Ƙorafi Kan Gwajin Kunnen Malam Mamuda da Ya Lalace Sau Biyu

Ma'aruf Mamuda,
Shiyar Malamai, Damri,
Ƙaramar Hukumar Bakura.
16 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Kunne,
Asibitin Sauƙi, Talata Mafara.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA NI SHIGA ƊAKIN GWAJI TARE DA MAHAIFINA

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ka tashi lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Mahaifina Malam Mamuda yana biya wa manya karatun Alƙur'ani. Wata uku ke nan kunnensa na hagu ya toshe, har mai karatu ya yi kure ya wuce shi bai ji ba. Abin yana ci masa rai. Likita ya ce sai an gwada ko ruwa ne bayan dodon kunne kafin a ba shi magani.

1. Ranar Talata 8 ga Oktoba, ma'aikaciyarku Malama Fiddausi ta sa masa robar na'ura a kunne, ta roƙe shi kada ya yi magana ko ya haɗiyi yawu, na ɗan lokaci kaɗan.

2. Tagar ɗakin tana duban hanyar shiga, ga shi ranar kasuwa ce. Duk wanda ya hango rawanin Baba sai ya leƙo ya yi sallama. Shi kuwa tunda aka haife ni ban ga ya ƙi amsawa ba, har gida da gona yake tambaya. Sau huɗu zanen na'urar yana fitowa kamar tonon kaza.

3. Ranar 15 ga wata muka dawo, aka rufe tagar. Masu sallama suka zagayo ta ƙofa, gwajin ya sake lalacewa. Malama ta yi dariya har da hawaye, Allah ya saka mata, ba ta yi faɗa ba.

4. Na nemi in shiga, mai gadi ya ce doka ta hana 'yan rakiya.

Don haka nake roƙon alfarma, da girmamawa, a ba mu wata rana, a kuma bar ni in zauna ciki bakin ƙofa. Baba ya tabbatar mini idan mutum ɗaya ya amsa sallama, ya ɗauke wa sauran. Ni zan riƙa amsawa, shi ya yi shiru. Ya yi alkawari, amma ya ce in ɗaga murya, don kunnen dama kaɗai zai shaida na amsa.

Naka mai biyayya,
Ma'aruf Mamuda Damri