Kar a Yanka Madgadin Motar Baba

Yaya,

Na jira ka har na gaji, dole na wuce aiki.

Ɗazu na kai wa bakanike sababbin rim ɗin taya da ka zaɓa wa tsohuwar motar Baba. Ramukan noti sun zauna daidai, amma faɗin rim ɗin ya yi yawa. Da ya sauke jak ya murza sitiyari, sai tayar gaba ta fara gogar madgadi. Shi da mai walda suka yi dariya, wai abu mai sauƙi, a yanke bakin madgadin kamar yatsa biyu, shi ke nan. Har bakaniken ya ja layi da alli.

Ka san ni a cikin mutane, bakina mutuwa yake yi. Na ce to, na fito ina cizon yatsa. Ka yi haƙuri.

Bayan azahar zai sa injin yanka. Don Allah kana shigowa ka kira shi ka hana, maganarka zai ji, ba tawa ba. Tsofaffin rim ɗin ƙarfe suna bayan gareji. Na duba, ɗaya ne kawai ya lanƙwashe, a buga shi a yi musu fenti. Ba za su yi ƙyalli kamar naka ba, na sani.

Wata bakwai muna aikin gyaran motar nan, wallahi ni ma na ƙosa. Amma rim ko gobe ana iya sauyawa. In aka yanki jikin motar nan, Baba ba ya raye balle mu ba shi haƙuri.

Ƙanwarka