Sunan Wule

Sukukutane, ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Ja'afaru,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Yamai, yaya aiki? Kana cin abinci kuwa? Ka yi haƙuri da rubutuna, hannuna bai saba ba har yanzu.

Mantuwar babanka ta ƙaru. Sunayen shanun da ka zuba mana a waya ne kawai ke dawo da hankalinsa. Kullum da maraice ƙanwarka Husna na karanta masa, wance 'yar wance, yana gyaɗa kai.

To, Wule ta mutu, tsohuwar saniyar da ya gada. Mun ɓoye masa. Duk lokacin da aka zo kan sunanta sai ya ce a kawo ta, mu ce tana daji. Ƙaryar ta ishe ni, kuma ina tsoron gaskiya ta kwantar da shi. Don Allah ka goge sunan.

Allah ya tsare min kai.
Innarka

Yamai, ranar Asabar

Inna,

Ina gaishe ku da ladabi. Ina cin abinci.

Na gwada, na'urar ta ƙi. Don kada sunayen su ɓace idan waya ta mutu, na adana su a na'urar da ke nan wurina, wayarku daga nan take ɗauko su. A jeri suke: kowace saniya da layinta da lambarta, a gefe kuma lambar uwarta. Fure da sauran 'ya'yan Wule duk suna riƙe da lambarta, ni kuma na gina abin yadda ba zai goge uwar da 'ya'ya ke nuni gare ta ba. Zan iya tilasta masa, amma sai su zauna ba uwa. Baba kuwa zai tambaya, Fure 'yar wa?

Abin da kika ce shi zan yi.

Ɗanki,
Ja'afaru

Sukukutane, ranar Talata

Ja'afaru,

Bar sunanta.

Jiya na karɓi wayar na karanta da kaina, ina tuntuɓe, yana gyara min. Da na iso wurin sai na ce, "Wule, uwar Fure. Malam, ta mutu."

Can ya ce, "Ta yi aikinta. An ba 'yarta kanwa?"

Da safe shi ya kai mata da hannunsa. Watakila anjima ya sake tambaya. Zan sake gaya masa.

Ka zo da Sallah.
Innarka