Gyaran Tela da Gyaran Mai Awo

Zuwa ga Yayata, uwar mudu, ginshiƙin zuriya,

Gaisuwa mai tarin yawa, wadda ko buhunki ba zai ɗauka ba. Ina fatan ke da maigida da yara kuna cikin ƙoshin lafiya.

Bayan haka, ina mai alfaharin sanar da ke cewa an karanta kasafin kuɗin bana a rediyo, kuma ni da kunnuwana biyu mun halarta. Gwamnati ta yi alkawarin gyara a harajin ƙananan sana'o'i. Bisa wannan bushara, na sallami dillalin da yake zaryar sayen keken ɗinkin marigayi Baba, na shaida masa cewa ba a sayar da gado ana gobe sauƙi. Mai shago ma na roƙe shi ya ƙara haƙuri da ni kan kuɗin haya. Saboda haka ki janye maganar in rufe shago in zo in yi gadin rumbun mijinki. Mai almakashi ba ya riƙe gora.

Ƙaninki mai biyayya,
Auta, Sarkin Zare

*

Auta,

Muna lafiya. Na ga takardarka, har da kirarin.

Tambaya ɗaya gare ni. Wane gyaran suka ce? Kai tela ne, in an kawo maka gyara, ragewa kake yi. Ni mai awo ce, in mai saye ya ce in yi masa gyara, ƙari nake ɗorawa a kan mudu. Ka je ka tambayo kafin ka kori wani dillalin. Inna tana cin abinci kuwa?

Yayarka

*

Zuwa ga Yayata, mai hangen nesa,

Gaisuwa irin ta wanda ya sha ƙasa.

Cikin matuƙar girmamawa nake tabbatar miki cewa gwamnati 'yar sana'arku ce. Ma'aikacin haraji ya zo, na shimfiɗa masa fara'a, na ce, "Ranka ya daɗe, ina ne za a rage, ƙugu ko hannu?" Ya ce, "Malam, mu ba teloli ba ne." Gyaran ya hau kan haraji, ya hau kan kuɗin wuta, zare da yadi kuma suka bi sahu ba tare da an gayyace su ba.

Layinmu ya yi tsit. Mai aski ya kulle, mai walda yana kwana a bakin injinsa da rana. Rabona da yanka sabon yadi har almakashi ya manta ni. Abin da ake kawowa kawai tsofaffin wanduna, a rage ƙugu, domin kowa ya zube.

Yaya, wasan ya ƙare mini. Mai shago ya ce ƙarshen wata ko makulli. Dillali ya dawo, tayinsa bai kai na farko ba, kuma yana shafa keken kamar ya riga ya biya. Inna tana ci, ni ne nake ce mata na ci a waje. Kullum da safe takan goge keken da bakin mayafinta, ban san da wane baki zan gaya mata ba. In na sayar, na rufe ƙofar Baba da hannuna. In na ƙi, a rufe mini. Ki yanke, zan bi. Shin gurbin gadin yana nan?

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Gurbin ya tafi, an rage ma'aikata a rumbun. Kada ka sayar tukuna.

Ga ƙunshi nan a hannun direba: wandunan maigida ne da na maƙwabta, duk sun yi musu yawa. Na karɓi kuɗin aikin, yana cikin aljihun baƙin wandon. Ka yi musu gyara irin naku. A kuɗin kuwa na yi irin namu.

Ka ci abinci.

Yayarka