In Yaya Ta Ɗaga Hannu

Magariya, 7 ga Afrilu 2025

Zuwa ga ƙanwata Sa'ida, ungozoma, ƙasar Dungas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, barka da Salla. Ina fatan ke da maigidanki Souleymane da yara kuna lafiya. Na kira ki sau huɗu, rezon wayar ƙauyen nan naku ko sallama ba ya isarwa, shi ya sa na koma takarda. Malam Ari shofer, mai jan motar kasuwa, zai kawo miki, ki ba shi amsa ranar kasuwa.

Shawara nake nema, don duk cikin waɗanda muka buga ƙwallon kwando da su a lise, babbar sakandare ta Damagaram, ke ce mai ido. Kin san ni ke koya wa 'yan matan makarantarmu wasan. An aiko mana takarda, za a tara 'yan matan jiha a Damagaram cikin babban hutu, a horar da su wata guda, a zaɓi masu zuwa Yamai. Magariya suna ɗaya aka ba ta, kuma ranar 20 ga Mayu ake rufewa.

Cikin masu wasan ina da yara biyu a ido. Rumaisa'u ce kapiten, shekararta sha bakwai, ga baki ga ƙafa, rabin abin da muke ci ita ke ci mana. Ɗayar Zinariya ce, ɗiyar ƙanin babanta, an kawo ta karatu daga Bande, a gidan su Rumaisa'u take zaune. Sa'ida, yarinyar nan in tana jifa ita kaɗai, sai ki ajiye abin da ke hannunki ki tsaya kallo. Rannan na ƙirga mata, cikin ashirin sha shida suka shiga. Amma da an hura sifile, wato usur, an fara maci, sai ta koma 'yar aike. Ta karɓi ƙwallo a gindin kwando, ba kowa gabanta, ta waiwaya ta miƙa wa Rumaisa'u. Shekara biyu ke nan tana tsaye wuri guda. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce “to, Madam”, gobe ta sake.

Dirakte, shugaban makarantarmu, ya ce in rubuta Rumaisa'u in huta. Ni ma hankalina ya fi karkata can, don abin da aka gani a fili shi ake aunawa. Sai dai abu ɗaya na damuna. Shin 'yar wasa na iya tare wa 'yar'uwarta ci gaba ba tare da ta yi mata komai ba? Rumaisa'u ba ta zaginta, ba ta hararta. Ni dai ina ganin tsoro ne kawai irin na 'yan ƙauye.

Ki gaida mutan gida. Yayarki, Mariama.

*

Ƙasar Dungas, 13 ga Afrilu

Yaya Mariama, wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, sai zafi da haihuwa. Jiya mata uku suka zo a jere, kamar sun yi shawara. Souleymane na amsawa.

Na karanta takardarki na yi dariya har wata mai naƙuda ta harare ni. Tsoro irin na 'yan ƙauye! To, 'yar ƙauye ce ke amsa miki, ta Dantchiao.

Ki daina kallon Zinariya, ki kalli hannun Rumaisa'u. Ban taɓa ganinsu ba, amma na rantse duk lokacin da ƙwallo ta shiga hannun ƙaramar, hannun babbar na sama. A gida in ta miƙo hannun nan, Zinariya ta ba ta buta, ta ba ta mayafi, ta ba ta gefen tabarma mai inuwa. Ranar da aka ɗora ta a mota a Bande na san abin da uwarta ta ce mata, don tawa ta faɗa mini: gidan mutane za ki, in yayarki ta miƙo hannu kada ki hana ta. Kina tsammanin don an sa mata riga mai lamba za ta manta? Mai cin tuwon gida ba ya ganin hannun ɗiyar gida a sama ya kau da kai.

Kin tambaya ko 'yar wasa na iya tare wa wata. Tana iyawa mana. Shekara uku na zauna gidanku a Damagaram, shekara uku na buga tare da ke, ba ki taɓa sauke hannunki ba. Kin tuna macin ƙarshe, ranar da mutanen Yamai suka zo zaɓe? Saura kaɗan a tashi, ina gindin kwando ni kaɗai. Kika ɗaga hannu daga nesa, mutum biyu a kanki. Na ba ki. Kika jefa, ta shiga, aka ɗauke ki. Ni kuma ga ni nan ina yankan cibiya.

Ba ƙorafi nake ba, ina son aikina. Amma shekara sha tara ina riƙe da maganar nan, kuma ke kika taɓo ta.

A gaida yara. Ƙanwarki, Sa'ida.

*

Magariya, 24 ga Afrilu

Sa'ida, assalamu alaikum. Gaisuwar yau kaɗan ce, don raina a ɓace yake, kuma gara in faɗa.

Ni ban taɓa ce miki kada ki jefa ba. Ɗakinmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. Takalman wasana masu kyau ke na ba, na koma tsofaffi. In kina da magana, me ya hana ki faɗa a lokacin? Sai yanzu da furfura ta fara leƙo mu za ki ɗora mini rayuwarki a ka? Ƙwallon nan ta shiga, kuma mun ci macin. Haba, Sa'ida.

Duk da haka na bi maganarki, don ba na zubar da shawara saboda haushin mai ba da ita. Ranar Laraba na zauna bakin fili na ƙirga. Sau ashirin da uku Rumaisa'u ta ɗaga hannu, sau ashirin da uku aka ba ta. Wannan kam kin yi gaskiya.

Sai na raba su, na sa Zinariya ta tsare ta. Abin ya fi muni. Zinariya ga ta doguwa kamar giginya, amma in Rumaisa'u ta taho za ta jefa, sai ta matsa mata hanya. Sau ɗaya suka yi karo, na ji da kunnena tana cewa “sannu, Yaya”. Sauran yaran suka kwashe da dariya, ni ban yi ba.

Ranar 10 ga Mayu muna zuwa Dungas buga maci da 'yan matan lise ta can. Shi ne na ƙarshe kafin in aika suna. In kina so ki zo ki gani.

Mariama.

*

Ƙasar Dungas, 30 ga Afrilu

Yaya, na amsa gaisuwarki, komai ƙanƙantarta.

Ba ki ce ba, gaskiya ne. Ai ba sai kin ce ba.

Kin tambayi me ya hana ni faɗa. Takalman nan da kike magana sun yi mini kaɗan. Shekara biyu ina sa su, farcen babban yatsana ya cire sau biyu, ban faɗa miki ba. Wadda ba ta iya cewa takalmi ya matse ta, ita za ta ce ki sauke hannu?

Ki bar wahalar da Zinariya, ba ta da abin gyara. Maganar na wurin mai hannun. Ki kira Rumaisa'u ki faɗa mata, in kina iya jin amsarta.

Maci kuma ban yi alkawari ba, masu ciki ba sa duba kalanda. Allah ya ba da sa'a.

Sa'ida.

*

Magariya, 22 ga Mayu

Ƙanwata Sa'ida, assalamu alaikum. Ina gaishe ki, gaisuwa cikakkiya, da Souleymane da yara. Na duba ki a Dungas ban gan ki ba, Malam Ari ya ce tagwaye kika karɓa ranar. Allah ya raya.

Na kira Rumaisa'u kamar yadda kika ce. Na yi mata bayanin hannu, ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Madam, ni ban taɓa ce mata kada ta jefa ba.” Sa'ida, sai da na nemi wurin zama. Na ba ta labarinmu, ni da ke, ban rage komai ba. Yarinyar ba wawiya ba ce. Ta tambaye ni, in ta sauke hannun, wa za a kai Damagaram? Na ce mata wataƙila ba ita ba. Ta ce ta ji.

A Dungas ba ta sauke ba. Kashi uku na macin hannunta na sama, Zinariya na aike, ƙwallo ɗaya tak ta jefa. Ban ga laifin Rumaisa'u ba sosai, wa ke son a ɗauke masa abincin da ya kai baki? Da aka shiga kashi na huɗu na fitar da ita na zaunar. Ƙwallon farko da ta zo hannun Zinariya, ta waiwaya cikin fili ba ta ga yayarta ba, sai ta juyo har wajen da muke zaune tana nemanta. Na kalli Rumaisa'u. Ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu, idonta ya yi ja. Zinariya ta jefa. Cikin minti goma ta zura bakwai. An cinye mu duk da haka, da tazarar uku.

Sunan Zinariya na aika. Dirakte ya ce in abin ya ɓaci ni na sani. Rumaisa'u ba ta sake zuwa fili ba, uwarta kuma da hanci take amsa gaisuwata. Shekaranjiya Zinariya ta zo tana kuka, wai in goge sunanta in sa na Yaya. Na ce takarda ta riga ta tafi. Ban sani ba ko na yi daidai, don har Yuli a gidan nan za ta ci tuwo. Na samu ɗaya, ina tsoron na rasa ɗaya, kuma abin na ci mini rai.

Saura magana ɗaya. Na tuna macin nan sarai. Na gan ki a gindin kwando, ke kaɗai. Na gan ki, sannan na ɗaga hannu. Ki yafe mini.

Malam Ari zai ba ki ƙwallo tare da takardar nan. Sabuwa ce. Kada ki maido.

Yayarki, Mariama.

*

Ƙasar Dungas, 27 ga Mayu

Yaya Mariama, salamu alaikum. Muna lafiya.

In gidan ya yi wa Zinariya zafi, ki ɗauke ta wurinki. Ki saya mata takalmi, amma ki auna ƙafar da kanki, kada ki tambaye ta. Rumaisa'u kuma ki je har gida ki kira ta. Wadda ta iya zama a kan hannunta ba ta yarwa ba ce.

Ƙwallon ta iso. Ba mu da kwando a nan, Souleymane ya fasa gindin tsohon bokiti ya ɗaure a jikin iccen dogon yaro. Na jefa goma, da gwiwar nan tawa mai ciwo. Takwas suka shiga.

Na ce in faɗa miki ki sani.

Ƙanwarki, Sa'ida.