Dariyar da Na Yi a Kan Dutsen Baba

Gwaggo Unaisi,

Ni mai karanta shafinki na ba da shawara ne. Don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wannan har ƙarshe ko da na yi ta kewaye-kewaye. Ni kofur ne, aikina gyaran motocin soja, hannuna ya fi sabawa da sifana a kan biro. Ina rubuto miki daga barikin da aka sauke mu a Townsville, inda aka turo mu atisaye tare da sojojin Ostireliya. Mahaifiyata ta daina ɗaukar wayata, ga shi daren ɗari na rasuwar babana ya kusa, kuma an ce mini ta ce ko ban zo ba babu komai.

Baba ya rasu a ƙauyenmu a tsibirin Kadavu, ni ne ɗansa namiji tilo. Ranar da aka binne shi na ɗauki alkawarin da kowane ɗa yake ɗauka a al'adarmu: na ce reza ba za ta taɓa fuskata ba, kuma ba zan kai ƙoƙon yangona bakina ba, wato abin shanmu na gargajiya da ake damawa da saiwa, mai sa barci, sai daren ɗari, ranar da za a tuɓe baƙin kayan makoki, Kawu Rusiate ya aske ni a gaban dangi. A barikinmu na gida ogana ya ɗaga mini ƙafa, gemu ya fara fitowa har yara suna kirana fasto. Sai ga sunana cikin masu tafiya. Na je na yi wa Nana sallama, haka muke kiran mahaifiyarmu, ta shafa gemun da bayan hannunta ta ce in dawo mata da shi.

Gwaggo, ko kwana ban yi da shi a nan ba. Akwai abin rufe fuska na kariyar hayaƙi da ake ba kowa, ba ya zama a kan gashi. Sajan ɗinsu ya ba ni haƙuri da mutunci, amma doka doka ce. Na tsaya gaban madubi na aske da hannuna, na naɗe gashin a hankici na sa a ƙasan jaka, ni kaina ban san me zan yi da shi ba. Ban gaya wa gida ba. Na ce in na koma zan yi bayani baki da baki.

Zaman nan ba laifi. Asuba ta fari gudu, sai gareji har la'asar, rana kamar ta gida amma babu iskar teku a cikin bariki. Abinci sai ka ture, nama har ka gaji, sai dai dankali safe dankali yamma. Akwai wani baƙin abu mai gishiri da suke shafa wa burodi, suna tsaye suna kallon fuskarka in ka ɗanɗana. Ni dai zan ba da duk naman nan a kan gwaza ɗaya da kifi a madarar kwakwa. Da yamma 'yan'uwa sojojin ƙasarmu sukan shimfiɗa tabarma a bayan ɗakin kwana a dama yangona, a tafa, a yi waƙar gida. Ni ne ma nake dama musu, don sun ce hannuna ya fi daɗi, amma ko ɗigo ban sha ba. Wannan Allah ne shaidata.

Ranakun Asabar sukan ba mu mota mu ga gari. Sau biyu ina cewa kaina ke ciwo. Abokina Waisake, wani dogo kamar bishiyar kwakwa wanda muka shiga soja rana ɗaya, shi ya ja ni da ƙarfi, wai in na ci gaba da zama a ɗaki za a yi jana'iza ta biyu a Kadavu. Na bi su. Mun ga kada a wani gidan dabbobi, an ɗora mini koala a ƙirji, wata 'yar dabba mai barci kamar ta sha yangonar ƙauye guda. Mun hau jirgin ruwa zuwa tsibirin da ke gaban garin. Duk inda muka je ina sanye da baƙin ƙyallen makoki a hannun riga, kuma ban ji daɗin komai ba, kallo kawai nake.

To ga inda abin yake. A bangon ɗakinmu a gida akwai hoton Baba, shi ma soja ne, shi ma an taɓa turo shi garin nan tun ba a haife ni ba. Yana tsaye a saman dutsen da ke tsakiyar gari da abokansa huɗu, teku da tsibiri a bayansu, kuma ya fi su duka tsawo da kai guda. Gwaggo, babana gajere ne. Ni ma gajere ne, kyan ɗa ya gaji ubansa. In muka tambaye shi yaya aka yi, sai ya murtuke fuska ya ce iskar Ostireliya ce, miƙar da mutum take, da ya dawo gida kuma zafin surutun uwarmu ya sake gajarta shi. Muna yara mun yarda. Har da ya tsufa, duk baƙon da ya shigo sai an kai shi gaban hoton nan.

Saboda haka da aka ce za a hau dutsen, ni ne na fara shiga mota. Na yi ta zagaye a sama ina neman wurin da tsibirin zai zauna daidai kafaɗa kamar a hoton. Na same shi. A daidai wurin da Baba ya tsaya akwai wani ɗan dutse mai faɗi, tsayinsa ya kusa gwiwa. Sai a lokacin na tuna hoton gida daga cinya aka yanke shi. Na taka na hau. Na juya, sai ga ni ina kallon tsakiyar kan Waisake, har na ga inda sanƙo ya fara masa.

Dariya ta ƙwace mini, irin wadda ke sa mutum ya riƙe ciki. Tun da aka kira ni aka ce Baba ya cika ban ji shi kusa da ni kamar lokacin ba, kamar yana gefe yana ƙifta mini ido. Daga dariyar ban san sanda na zauna a kan dutsen ina kuka ba, kukan da ban yi ba ranar jana'iza saboda ina ta hidimar baƙi. 'Yan'uwa suka kewaye ni, suka zauna kusa da ni.

Ashe Waisake ya riga ya ɗauki hoton dariyar, ya sa a shafinsa da rubutu wai "Gajere ya yi tsawo a ƙasar Turawa!" Hannun da ke da baƙin ƙyallen bai fito ba. Kafin mu sauko ƙauye duk an gani. Ƙanwata Litiana ta kira ni ta ce, "Yaya, ka kyauta. Fuska fes kamar ango, haƙora a waje, mu muna nan cikin baƙi." Ta ce Nana ta daɗe tana kallon hoton, ta miƙa mata wayar, ta ce tunda na riga na tuɓe nawa makokin, babu abin da Kawu zai aske.

Waisake ya goge hoton, ya ba ni haƙuri har ya ba ni tausayi, amma har yau ban huce ba. Abin da ya fi damuna shi ne wannan: in na faɗi abin da ya ba ni dariya, na tona wa Baba asiri yana kabari, abin da ya yi shekaru yana alfahari da shi ya zama abin tsokana a ƙauye. In na yi shiru, Nana za ta zauna da cewa na manta da shi tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ina son uwata, Gwaggo, shirunta ya fi min zagi ciwo. Za mu sauka gida ana saura 'yan kwanaki taron. In je ko in bari? In na je, da wace fuska?

Ɗan Gajere, daga Townsville

*

Ɗana,

Allah ya jiƙan babanka, ya ba ku haƙuri. Zuwa kam za ka je, wannan ba abin tambaya ba ne. Uwar da ta ce ko ba ka zo ba babu komai, ita ce za ta fi kowa kallon hanyar jirgin ruwa.

Bari in fara da ɓangarenta, don kai ka riga ka faɗi naka. Nana ta shafa gemunka ta ce ka dawo mata da shi. Wannan amana ta ba ka. Askin ba laifinka ba ne, soja ba shi da iko da fuskarsa, kuma matar soja ta fi ni sanin haka. Inda ka yi kuskure shi ne ɓoyewar. Da ka kira ta a ranar ka ce an sa ka aski kuma zuciyarka ta ƙuntata, da ita za ta lallashe ka. Sai ka bari ta gani a wayar wani, a gaban mutane, tana cikin baƙi. Ka san ƙauye, kafin ta buɗe baki an riga an yi mata jaje da ido. Fushinta yana da dalili, kada ka je kana kare kanka. Abin da za ka nemi gafara a kai shi ne shirun da ka yi mata.

Amma dariyar, kada ka kuskura ka nemi gafara a kanta. Makoki ba ya hana a tuna mamaci yadda yake, kuma babanka mai barkwanci ne. Ka hau dutsen ne don neman sa, ka kuwa same shi.

Batun tona asiri kuma, ɗana, ka ba ni dariya ni ma. Matar da ta yi shekara da shekaru tana rage wa mijinta ƙafar wando, kana tsammani ba ta san tsawonsa ba? Ta san da dutsen nan ko ba ta taɓa ganinsa ba. Ta bar shi ya yi ta kai baƙi gaban hoto, tana kicin tana danne dariya, don tana sonsa. Asirin nasu ne su biyu, kai ne ka zo daga baya. Abin da ba ta sani ba shi ne ɗanta ya je har can ya tsaya inda mijinta ya tsaya. Hoton babanka an yanke shi a cinya, naka an ɗauke shi kafin kukan. Ita rabin kawai ta gani.

Ga abin da za ka yi. Kira Kawu Rusiate yau, ba gobe ba, ka gaya masa komai, har da cewa yangona ba ta taɓa bakinka ba, domin wannan rabin alkawarin ka riƙe shi inda babu mai ganinka daga gida. Kada ka aika bayani ta bakin Litiana, maganar uwa da ɗa ba ta son ɗan aike mai zafin kai. In ka sauka, ka sayi saiwar yangona mai kyau, Kawu ya shige maka gaba, ka zauna ƙasa ka ba ta haƙuri yadda aka saba. Ka daina aski daga ranar da aka sallame ku. Ko ɗan tsiro ne ya fito, reza za ta sami abin kamawa. Hankicin nan da ka ce ba ka san me za ka yi da shi ba, ka ɗora shi a hannunta. Ta ce ka dawo mata da shi, ga shi ka dawo da shi.

Waisake kuma ka yafe masa, wauta ya yi ba mugunta ba, kuma shi ya fitar da kai daga ɗaki lokacin da kake buƙata. Tararsa ita ce ya raka ka saman dutsen kafin ku taso, ya sake ɗaukarka, wannan karon tun daga takalmi. Ka wanke hoton a takarda.

Kada ka nuna shi a taro. Ka jira baƙi su watse, ta zauna ita kaɗai, ka kai mata ka riƙe shi kusa da na bango, ba sai ka yi dogon bayani ba. Tun ranar da aka binne mijinta kowa ke shigo mata da fuska a ɗaure, babu wanda ya ba ta damar tuna cewa ta auri mutumin da ke sa ta dariya. Ka ba ta wannan damar. In kuka ya biyo baya kada ka hana ta, ka zauna kusa da ita kamar yadda 'yan'uwanka suka zauna kusa da kai.

Allah ya kawo ku gida lafiya, ya sanyaya zuciyar Nana, ya sa a tuɓe baƙi kuna tare.

Gwaggo Unaisi