Hoton cikin Rabi

Yau Laraba. Ƙafafuna sun kumbura.

Ɗana Isufu, ina gajiya, ina aiki, ina zaman Agadas? Mu nan Urafane sai godiya.

Matarka Rabi ta kwana uku tana zubar da jini, ga cikin wata bakwai. Ni kaɗai ne a gidan, ni kuma suruki, kunya ta hana ta faɗa mini. Sai da maƙwabciyarmu ta gane aka kai ta Tasawa, aka yi mata hoton ciki, wanda suke kira eko. Likita ya ce jini ne ya taru bayan mabiyiya. Ɗan yana motsi, amma in ta ƙara daka ko jan ruwa, ana iya rasa shi.

Na ce, “'Yata, ki kwanta, ba zan mutu don fura ba.” Ta ce, “To, Baba.” Ka san “to” ɗinta.

Ka taya mu addu'a, ka gaida kawunka.

Uwar Rabi ta aiko za ta zo yau ta riƙe gidan. Tun hantsi nake bakin ƙofa, har la'asar ba ta zo ba. Ga shi ina jin Rabi tana jawo turmi.